Kwanson da Mazin Ya Tsinto

Yaya Dalal,

Ya jikin Mama? Ni lafiya lau nake a Iskandariya, gasar harbi na tafiya, kewa ce dai.

Kin san kwansunan harsashina na tagulla, waɗanda Baba ke ta sake ɗurawa? Jiya wani Mazin, ɗan ƙungiyar Masar, ya biyo ni da ɗaya a tafinsa. Na ce a raina yau labarin littattafaina na soyayya ya zo kaina.

Ya ce, "Malama, wannan ya gaji, bakinsa ya tsage. Duba sauran, kar bindiga ta fashe miki a hannu."

Na duba, na tsame tsagaggu da yawa. Alhamdulillahi, yatsuna lafiya. Ki ce wa Baba ya daure ya sayi sababbi.

Na Mazin ɗin yana ƙarƙashin matashina. Kar Mama ta ji.

Ƙanwarki,
Rahaf