Ni Na Koya Musu Naɗin Bargo, Amma 'Yata Ba Ta Sani Ba

Anti Beryl,

Ki taimaka mini da shawara, ko da yake na girme ki nesa ba kusa ba, kuma ban saba tambayar kowa hanya ba. Ki yi haƙuri da rubutun. Sai da na kai shekara ashirin da biyar na koyi riƙe alƙalami, kuma inda na koya ɗin shi ne tushen damuwata.

A hunturun da masu haƙar kwal suka yi yajin aiki, lokacin da ake ɗauke wuta unguwa-unguwa, masana'antu na aikin kwana uku a mako, a wannan hunturun na fito daga gidan yari. Wata goma sha takwas na yi. Dalmar rufin wani coci muka ɓanɓare, ni da wasu sakarkaru biyu, kuma ni kaɗai na tsaya gyara tsani har 'yan sanda suka iso. Ban taɓa cewa sharri aka yi mini ba. Na yi, na biya.

Matata Doreen, marigayiya yanzu, ita ta matsa wa yayanta har ya cusa ni cikin kafintocin wani gidan talabijin, ina ɗaukar katako. A makona na uku aka ce mu gina ɗakin fursuna, za a fara wani wasan barkwanci na gidan yari. Ba zan faɗi sunan wasan ba. Duk wanda ya haura hamsin a ƙasar nan ya san shi, wasu ma har yau suna iya karanto shi da ka.

Mun gama ɗakin, sai wata mai kayan ado ta zo ta shimfiɗa gadon lumui kamar na otal, har da lanƙwasa bakin zane. Dariya ta kuɓuce mini. A gidan yari ba a barin gado a shimfiɗe da rana. Bargo biyu da zanen gado biyu za ka ninke daidai wa daida, ka jera su ɗaya kan ɗaya, ka kewaye su da bargo na uku, ya zama kamar akwati mai kusurwa huɗu a kan gadon. In gefe ɗaya ya karkace, gandroba ya sa sanda ya watsar, ka sake. Na ture hannunta na naɗe mata, ban yi minti ɗaya ba. Marubucin wasan, Mista Pendlebury, yana tsaye a bayana ban sani ba. Ya tambaye ni inda na koya, na ce soja. Da rana sai ya tarar da ni ina tsaga ƙwayar ashana ɗaya gida huɗu da fil. Ya zauna kusa da ni ya ce shi ma ya yi soja, amma bai taɓa ganin sojan da ke tausayin ashana haka ba.

Daga ranar, kowace Talata muna zaune a kantin ma'aikata, shi da littafinsa, ni da shayina. Shekara huɗu. Ni na gaya masa da man goge baki ake manna hoton mata a bango. Ni na gaya masa yadda ake zura ganyen shayi a safa, a ɗaura zare, a lilo da shi ta taga zuwa ɗakin ƙasa. Ni na ba shi labarin layin zubar da bokitin bayan gida da safe, da irin gaisuwar da manyan mutane ke yi wa juna kowa riƙe da abin da ya tara. Anti, ƙasar nan gaba ɗaya ta yi dariya da wannan. Na sha zama a mashayarmu ina jin ƙarti suna maimaita maganar da ta fito daga bakina, suna bubbuga tebur. Wani Clifford har ce mini yake ni ba zan gane ba, wai ba ni da kan barkwanci. Na shanye abina na yi shiru.

Shirun kuwa alkawari ne. Ranar da aka haifi 'yarmu Lorraine, Doreen ta riƙe hannuna a asibiti ta ce yarinyar nan ba za ta tashi ana nuna ta a filin makaranta ba. Na amsa. Pendlebury ya so sa sunana a jerin sunayen ƙarshen wasa, na hana. A wajen Lorraine ni kafinta ne, shi ke nan. Yau ita ce shugabar wata makarantar firamare, tana da 'ya'ya biyu da suka girma, kuma ba ta taɓa ɗaukar ko biro na wani ba.

To, watan jiya wata yarinya mai suna Imogen ta ƙwanƙwasa ƙofata da gwangwanin biskit. Ita ce furodusar da za ta farfaɗo da wasan don mutanen yanzu. Pendlebury ya daɗe da rasuwa, iyalinsa suka ba ta littattafansa, ta tarar kusan kowane shafi akwai sunana, an rubuta wane ya ce kaza. Wata biyu ta yi tana nemana. Ta kai ni inda suke ɗauka. Na ga ɗakin, raina ya ɓaci. Masai a cikin ɗaki, talabijin a bango, butar dafa shayi ta lantarki, bargo mai laushi kamar na amarya. An hana taba ma yanzu, wadda ita ce kuɗinmu a gidan yari, wai kifin gwangwani ake musaya da shi. Na ce mata wannan ai masaukin ɗalibai ne, me za a yi wa dariya a nan? Ta ce in je in kwana ɗaya a na gaske in dawo in faɗa mata. Bakinta da kaifi yarinyar, shi ya sa na ji ta kwanta mini.

Sun saka wani dattijon fursuna a labarin sabon wasan, wanda har yanzu yake naɗe bargonsa irin na da, matasan ɗakin suna masa tsiya. Ɗan wasan da zai fito a matsayinsa ya naɗo wani abu kamar tsiran alade da mota ta taka. Na ajiye sandata na karɓa. Shekarata saba'in da bakwai, yatsuna duk sun kumbura da sanyin ƙashi, amma da na gama, kusurwa huɗun nan sun tsaya cak, za ki iya ɗora kofin shayi a kai. Sai suka hau tafi, har masu riƙe fitilu a sama. Shekara hamsin, Anti. Wannan ne tafin farko da aka yi mini ina tsaye a wurin.

Ga matsalar. Imogen na son sa cikakken sunana a allo, a matsayin tsohon fursunan da ya ba wasan farko gaskiyarsa, tana kuma son in zauna a yi hira da ni. Ta ba ni zuwa ƙarshen wata. Ina so. Ba zan yi miki ƙarya ba, ina so kamar me. Ina son Clifford ya gani kafin ɗayanmu ya mutu. Amma Doreen ba ta nan balle ta sake ni daga alkawari, kuma ban san da wane ido Lorraine za ta dube ni ba. Yarinyar da ni na koya mata naɗin bargo tun tana shekara shida, a matsayin wasa. Har a kwalejin malamai haka take naɗe nata. Ta taɓa dawowa hutu tana ba ni labari wai abokiyar ɗakinta, 'yar wani gandroba, ta tambaye ta wa ya koya mata. Ta faɗa tana dariya, ba ta sake tayar da zancen ba. Duk Kirsimeti in an maimaita tsohon wasan tare muke kallo, in an zo wurin bargon sai ta dafa kafaɗata ta tashi ta ɗora shayi. Irin wannan zaman nake tsoron rasawa saboda suna a allo na daƙiƙa uku.

Zancen suna na bar miki. Amma ko me za ki ce, gobe da safe zan yi aski, in ɗaura lakataye, in hau bas in koma wurinsu, don har yanzu ɗan wasan nan ta hagu yake fara ninki, kuma ba za a nuna wa ƙasar nan karkataccen bargo ina raye ba.

Mai Naɗin Bargo, Salford

*

Baba Mai Naɗin Bargo,

Rubutunka ba ya buƙatar haƙurin kowa. Na karanta wasiƙarka sau biyu, na farko ina dariya, na biyu a hankali.

Ka cancanci sunan nan, kada ka ji kunyar sonsa. Ka yi laifi kana saurayi, ka biya, ka fito ka mayar da wata goma sha takwas mafi muni a rayuwarka abin da ya sanyaya wa miliyoyin gidaje rai. Ni ma a gaban wasan nan na girma, kuma yau na san wa zan gode wa.

Amma tsoronka ba na banza ba ne. Suna in ya hau allo ba ya saukowa. Lorraine na da makaranta, da iyayen yara masu baki, da 'ya'yanta da za su ga labarin a waya kafin ka gama shan shayi. Wannan labarin naka ne, amma zai taɓa su. Don haka abu ɗaya ne ba zan sassauta a kai ba: kada 'yarka ta ji shi daga talabijin ko daga bakin Clifford. Daga bakinka za ta ji, kafin Imogen ta ji amsarka.

Game da Doreen, duba abin da ta roƙa. Ta ce kada a nuna yarinya a filin makaranta. Ka cika. Yarinyar ta girma, yau filin makarantar a hannunta yake. Ba na jin matar da ta tsaya maka a ranar da ka fito da jakar takarda a hannu za ta so ka tafi kabari da abin da ka fi alfahari da shi a ɓoye.

Yanzu sake karanta sakin layinka na kusa da ƙarshe. 'Yar gandroba ta tambayi Lorraine wa ya koya mata naɗin, kana tsammanin ba ta gaya mata inda ake yin irinsa ba? Kuma me ya sa, cikin dukan wasan, a wurin bargon kaɗai take dafa kafaɗarka? Ba zan rantse ba, don ban san ta ba. Amma ina kyautata zaton shekara talatin ke nan tana riƙe maka sirrin da kake zaton kai kake riƙe mata. Idan na yi kuskure, za ta girgiza, wataƙila ta ji haushin daɗewar ɓoyon fiye da dalmar cocin. Ka ba ta lokaci, kada ka kare kanka.

Ka kira ta ranar Lahadi da rana, ku biyu kawai. Ka faɗa mata kai tsaye kamar yadda ka faɗa mini. Sannan ka tambaye ta ra'ayinta da gaske, ka kuma saurara, na san wannan ne zai fi ba ka wuya. Ka tuna suna daban, hira daban, kana iya karɓar ɗaya ka bar ɗaya, kuma wadda ta yi wata biyu tana nemanka za ta iya ƙara maka mako guda. Ka kuma rage yi wa ɗakinsu tsiya. Masai da buta ba su cire kulle daga ƙofa ba, kai ka fi kowa sani.

Je ka gyara musu ninkin gobe. Ranar da za a nuna kashin farko, ina maka fatan kujera mai kyau, da lafiyar yatsu, da Lorraine a gefenka. Wannan karon in an zo wurin bargon, ka riƙe hannunta, ka ce shayin ya jira.

Taka,
Anti Beryl