Ranar da Na Sa Hularka

Zuwa ga angona Sanusi,

Bayan gaisuwa da kewa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana nan ma dariyar rubutuna za ka yi, ka ce kaji ne suka bi ta kan takarda. To yi dariyarka, ɗan nema. Wane irin miji ne zai tafi ya bar mata ko sallama babu?

Gida lafiya. Gero ya yi kyau bana. 'Yan makarantarku na Anka sun zo gaisuwa, sun ce an ba su wani malamin Turanci, amma ba ya ba su dariya.

Ka tuna yadda kake gwada darasinka a kaina kafin ka kai shi aji? Ka zauna bakin faifan gyaɗata, ka kasa ta kashi uku. Ka ce Turawa kalma ɗaya gare su, "if", ita ce idan, ita ce da, amma maganarta gida uku ce. Kashin farko abin da zai iya faruwa: idan aka yi ruwa, za mu yi shuka. Na biyu mafarkin ido biyu: da ni yarinya ce, da na fi ka gudu. Na uku abin da ya wuce, ba ya dawowa. Na ce maka wannan kashin ruɓaɓɓe ne, ba mai saye. Ka cinye shi kana dariya. Ka kuma ce akwai maganar da ke goya wata, kamar "na san cewa", dole sai an ɗora mata ɗiya a baya. Na ce ashe Turanci ma mace ce.

Sanusi, kashin nan na uku Innarka ta zauna a kai. Ita ta aike ka Gummi kai wa kawunka magani ranar da babur ya kwashe ka. Tun daga nan bakinta bai san komai ba sai da ban aike shi ba, da na bari gari ya waye. Liman ya yi mata nasiha, ta ji da kunne kawai. Tuwo ya kwana a kwano. Ta rame har awarwaro na zame mata. Na binne jika, in binne ɗiya kuma?

Ka san al'ada, tsoho ya mutu jikoki ke wasa, su sa kayansa su kwaikwaye shi. Ka sha yi mini alkawarin ranar tawa za ka ɗaura baƙin zanena, ka yi tafiyar agwagwar nan tawa har masu makoki su tuntsire da dariya. Zanen na nan cikin adaka. Ba a yi wa yaro wannan wasa, na sani.

Amma jiya da hantsi na ɗauko hularka da rigar nan mai aljihun alli. Na sa. Na ɗauki faifan gyaɗa na tsaya gaban Innarka, na kasa uku, na yi gyaran murya irin naka, na tura hula gaban goshi. Na yi ta zuba Turancin da ko Bature ba zai gane ba. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana salati, ta ɗauka na zautu.

Innarka ta dube ni. Sai dariya ta kuɓuce mata, dariyar ta koma kuka, muka rungume juna ni da ita da rigarka a tsakani. Ƙamshinka na jikin rigar har yanzu. Da ta nitsa, na kwashe kashi na uku na watsa wa kaji, na tura mata na farko. Na ce idan ta ci, ni ma zan ci. Ta ci, Sanusi. Da yamma ta sha fura.

Ban taɓa faɗa maka ba, kullum tsiya nake maka: na san cewa duk cikin jikokina kai ne sanyin idona. Ga ta nan, na goya mata ɗiyarta daidai?

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta. Zanen zan bar shi a adaka. Ka ci bashin wasa, sai mun haɗu.

Taka har kullum,
tsohuwar amaryarka, Kaka Ige.