Sunayen Furannin Halmoni

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma a nan Greensboro, ƙasar Turawa, ba ni da wanda zai zauna ya ji wannan labari da Hausa har ƙarshe. Jikokinki da Turanci suke amsa mini. Babansu kuwa in ya dawo daga aikin sito a Wendover, barci ke kwashe shi da takalmi a ƙafa.

Na samu aiki a Summerfield, wurin wata tsohuwa 'yar Koriya da muke kira Halmoni, wato Kaka. Ita da marigayi mijinta sun tara wasu ƙananan furanni na Koriya da Japan, ana ce musu okid, a ɗakin gilashi bayan gida. Da kin gan su da kin riƙe haɓa. Ko ƙasa ba a zuba musu, sai gansakuka, kuma ko miya ba a yi da su. Amma kowanne da sunansa kamar ɗan mutum.

Ƙafa ta fara gagarar ta, ɗanta Minsu zai ɗauke ta zuwa wata jiha. Furannin za a raba wa masu tara irinsu, su kuma ba su iya karanta rubutun Koriya da ke jikin tukwanen ba. Shi ne muke zama mu biyu, ta karanta, ta kwatanta mini da guntun Turancinta da hannuwa, ni in rubuta. Wanda Japanawa ke kira Seikai, ita Cheonghae take cewa, wai shuɗin teku, don ganyensa ya lanƙwashe kamar igiyar ruwa. A zuci nakan sake juya su da Hausa saboda ke, in yi dariya ni kaɗai, don iyakar tekunki tafkin bayan garinmu da damina.

Duk tukunyar da muka gama, da yamma an zo an ɗauke ta. Tukwanen suna raguwa, tafiyar tsohuwa tana matsowa, kuma ita kaɗai ce nake wuni da ita a ƙasar nan. Ba na sauri, Inna. Ita ma ba ta ce in yi ba.

Jiya muka zo kan ta ƙarshe. Halmoni ta dubi rubutun, ba ta karanta ba. Na ɗauka ido ne, na miƙa mata tabarau. Na ce ta karanta, na sake cewa, har da ɗaga murya kamar mai magana da kurma. Sai ta ce, "Sunan baban Minsu ne." Shekarar da ya rasu furen ya fara buɗewa, abokansa suka raɗa masa sunansa. Ita kuwa tun da aka kai ta gidansa bakinta bai taɓa furta shi ba.

Kunya ta rufe ni. A ce ni, 'yar farinki, ni ce mai matsa wa tsohuwa ta kira sunan da take jin nauyi! Ni da na tashi ina amsa "ke yarinyar nan", in baƙi sun tambaye ni ki ce "waccan". Har kuka na taɓa yi a bayan rumbu, wai kin fi son ƙannena tunda su kina kiran su. A nan kowa kiran sunana yake yi, daga likita har malaman yara, a karkace, ba mai jin nauyinsa. Sai yanzu nake kewar bakin da ya ƙi faɗa.

Na ajiye alƙalami ban rubuta komai ba. Ta daɗe tana dubana, sannan ta tura mini tukunyar ta ce, "Ke tafi da ita. Ke ba za ki kira shi ba."

Ranar Asabar za ta tafi. Furen yana kan tagar kicin ɗina, rubutun na juya shi wajen bango.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya haskaka kabarinki. Allah Ya sauƙaƙa wa tsohuwar nan baƙuntar da za ta shiga. Ya haɗa ni da ke a Aljanna, ki hango ni daga nesa ki ce, "Ke yarinyar nan, sai yanzu?"

Wassalam.

Taki har abada,
Waccan.