Bidon Ruwan Kawu Isa

Laraba da dare, Sabon Gari, Maraɗi

Yau na bi masu binciken lafiya Jiratawa, saboda rahoton da zan rubuta kan ciwon ciki da jirin da ke damun manoman rani. Takardarsu tana tambayar inda ake ɗebo ruwan sha. Kawu Isa, ɗaya daga cikin manoman, ya ce famfo. Malamar da ke cike takardar ta rubuta "ruwa mai tsabta", ta wuce gonar gaba.

Ni na tsaya mu gaisa. Ya jawo bido, wato jarka, daga inuwar zogale ya tsiyaya mini ruwa. Bidon maganin feshi ne, alamar guba tana nan a jikinsa.

Na ce, "Kawu, wannan ai na maganin ƙwari ne."

Ya ce, "Sau uku na wanke shi da toka, ɗana. Ko ɗan jarida ya daina shan ruwan ƙauye?"

Na kasa mayar masa da ruwan. Na sha rabin kofi.

Ba cikina ke damuna ba. Shi kullum daga nan yake sha, har da jikokinsa, kuma takarda ta ce ruwansa lafiya lau. Gobe zan gaya wa malamar su riƙa tambayar abin da ake zuba ruwan a ciki. Sabon bido zan iya saya masa. Yadda zan raba shi da tsohon ne ban sani ba.