Ku Maido Mana da Muryar Gwaggo Kande

Zuwa ga Mai Girma Babban Manajan gidan talabijin ɗin da ya nuna wasan aure-auren sarkinmu na dā, Kaduna.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kai da iyalinka da ma'aikatanka kuna cikin ƙoshin lafiya. Sunana Ishaya, tsohon hedimasta ne ni, ina cin fansho a Kafanchan, asalina kuma wani ƙauye ne a bayan Madakiya. Idan sunan bai tuna maka da kowa ba, sa a kunna maka ƙarshen kowane kashi na wasan, inda sunaye ke hawa sama. Ni ne wanda kuka rubuta wa "mai ba da tarihi". Na yi watanni ina jin daɗin wannan rubutu, yanzu kuwa ko ganinsa ba na son yi.

Ba a son raina na fito fili ba. Na rubuto wa ofishinka sau biyu, shiru. Na hau mota na zo da kaina, na wuni a kan benci, aka ce mini mai riƙe da makullin ɗakin ajiya yana hutu, wanda ya shirya wasan kuma ya bar aiki. Da abin ya tsaya a kaina ni kaɗai, da na haƙura. Auren 'yata Rahila ne ya tsaya saboda wasanku, kuma abin da zai warware maganar yana hannunku. Ga yadda abin ya faru.

1. Damina biyu da suka wuce, ma'aikatanka uku suka iso gidana suna neman tsohon da ya san labarin sarkin da ya zauna a kan dutsenmu kafin zuwan Turawa, wanda ya riƙa auro mata daga ƙauyukan kewaye don a daina faɗa. Na kai su wurin gwaggona Kande, yayar mahaifina, wadda a lokacin babu wanda ya girme ta a ƙauyen. Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa da cinikin gishiri ba, don haka ni na zama tafinta. Kwana uku muka yi a gindin ɗorawar ƙofar gida. Ta sa aka dafa musu faten acca, ta rera musu waƙoƙin da ni kaina ban taɓa ji ba, na'urarsu tana ɗauka. Da za su tafi suka yi alkawari biyu: za su kawo mana rubutun wasan mu gani kafin a fara ɗauka, kuma za su ba iyali kwafin muryarta. Ko ɗaya ba su cika ba.

2. Gwaggo ta lissafa matan sarkin ɗaya bayan ɗaya, kowace da ƙauyensu da dalilin aurenta. Biyu ne suka shafi wannan wasiƙa. Zigwai 'yar gidanmu ce, an kai ta ne don a kashe rikicin wata fadama. Ta yi shekaru a can, Allah bai ba ta haihuwa ba, da sarkin ya rasu ta dawo gida, kabarinta yana bayan rumbunmu har yau. Kuyet kuma daga wajen Kagoma aka auro ta, ita ce ta haifi ɗan da ya gaji sarkin, daga gare shi ne babban gidan da ke gindin dutsen ya fito. Mata biyu ne, ƙauyuka biyu, ba su haɗa komai ba sai miji.

3. A wasanku kun haɗe su sun zama mace ɗaya. Kun ba ta sunan Zigwai, kun ambaci sunan gidanmu, sannan kuka ɗora mata ɗan Kuyet a cinya.

Ba zan ɓoye ba, wasan ya karɓu. Ran Lahadi da yamma matan zumuntar coci kan taƙaita addu'a don kada a fara babu su. Masu okada a tashar Madakiya suka sa mini suna Surukin Sarki, in na fito sai su yi ta danna oda. Wata mai sayar da citta daga Kasuwan Magani ta gaya wa matata cewa ranar da Zigwai ta haihu sai da ta yi hawaye, mijinta yana yi mata dariya. Tsofaffinmu dai sun yi ƙorafi a kan rawani da algaitar da kuka ba sarkin da fata yake ɗaurawa, ƙaho ake busa masa, suka ce kun mai da shi baƙo a kan dutsensa. Ni ne ma na riƙa kare ku, ina cewa ai su yara ne, sun yi ƙoƙari. A taron ƙauye na shekara aka ba ni kujera a layin gaba, aka gabatar da ni a matsayin jikan uwar sarakuna, na ɗaga hannu na ce haka ne, na amsa tafi. Gwaggo Kande ba ta ga ko kashi ɗaya ba, ta rasu da rani kafin ku fara nunawa.

4. Rahila ma'aikaciyar jinya ce a nan Kafanchan. Bara ta kawo mana Gidiyon, malamin sakandare, yaro mai natsuwa da ya tashi a Jos, amma asalinsa ɗan wancan gidan ne na gindin dutse. A wurinmu, kafin a karɓi komai na aure sai dattawan ɓangare biyu sun zauna sun ƙirga gidaje, ta wajen uba da ta wajen uwa, a bi su baya har inda tunani ya ƙare. In jini ya haɗu, ko da nisa ne, babu aure. Mu Kirista ne tun zamanin kakana, amma wannan ba mu yar da ita ba. An zauna an ƙirga, ba a sami komai ba. Aka kawo gishiri da akuya, aka sa rana, mata suka yanki anko.

Sai kashin haihuwar nan ya fito. Na ga haɗarin tun a ranar, na ce a raina ai wasa ne, wa zai ɗauke shi ya kai gaban dattawa. Na manta irin mutanen da na fito cikinsu. Tsofaffin da suka san zancen daga bakin iyayensu sun ƙare, waɗanda suka rage abin da suka gani da ido shi suka riƙe.

A ikilisiyarmu sau uku ake sanar da aure. Ranar sanarwa ta biyu, da fasto ya tambaya ko akwai mai magana, sai Baba Audu, dattijon gidan su Gidiyon, ya dogara sandarsa ya miƙe. Ba mutumin fitina ba ne. Ya ce, "Pasto, ni ba na da faɗa da kowa. Amma telebishin ya nuna mamar gidan namu daga gidan Malam ya fito, kuma sunan Malam yana wurin. In jini ɗaya ne, ni ba na sa hannu." Na tashi na ce wasan kwaikwayo ne kawai, Zigwai ba ta taɓa haihuwa ba. Sai ya juyo ya tambaye ni, cikin ladabi, wanne za su ɗauka, maganata ta ranar taron ƙauye ko ta yau. Na koma na zauna. Rahila tana cikin mawaƙa, sanye da rigar kwaya. Ba ta fita ba, ta zauna har aka tashi sujada, kanta a sunkuye.

Fasto ya ce shi a Littafi bai ga abin da ya hana wannan aure ba, amma ba zai ɗaura shi a kan gardamar iyaye ba. Dattawa suka ce shakka kaɗai ta isa ta tsayar da magana. Sun ba ni zuwa ƙarshen haƙar citta in kawo shaida. In ban kawo ba, za a mayar da gishiri da akuya, kuma a wurinmu abin da aka mayar ba a sake kawo shi. An riga an fara haƙa a wasu gonaki.

5. Wannan batun shi ya fi yi mini nauyi, kuma laifin da ke cikinsa nawa ne. A rana ta uku a gindin ɗorawa, mai shirya wasan ya ce matan sun yi yawa, masu kallo za su rikice, yana so ya haɗe Zigwai da Kuyet, in tambayi tsohuwa ko ta yarda. Na tambaye ta da yarenmu. Ta buga sandarta a ƙasa ta ce a'a. Ta ce ba a ba matacciya ɗan da ba ta haifa ba, kuma ba a ƙwace wa matacciya nata, domin masu rai ne za su yi tuntuɓe da shi. Sau biyu ta faɗa. Ni kuwa na juya na ce wa mutuminku da Hausa, ta ce babu damuwa.

Babu wanda ya tilasta mini. So nake a ji sunan gidanmu a talabijin, a ce mu ma mun haifi sarki. Gidanmu gidan manoma ne da malaman makaranta, ba mu taɓa rasa mutunci ba, amma a ranar sai na ga kamar bai ishe ni ba. Gwaggo ta ga suna murmushi suna rubutu, ta ɗauka sun ji maganarta, har ta sa musu albarka. Ta mutu tana ganin ɗan ƙaninta ya isar da saƙonta. Ni dattijon ikilisiya ne, na yi shekaru ina dukan yara a kan ƙaryar da ba ta kai wannan ba. Na kai wa fasto takardar ajiye dattijantaka, ya ce in dakata tukuna, amma tun ranar ban koma kujerar gaba ba. Ina nadama, kuma ina jin kunya.

6. Duk da haka, ranka ya daɗe, ku ma kuna da naku. Kun zo ƙasar mutane ɗaukar tarihi, babu ko mutum ɗaya a cikinku mai jin yaren, kuka rataya komai a bakin tafinta ɗaya. Ga ɗalibai 'yan wajenmu birjik a Kaduna, da kun kunna wa ɗayansu muryar na minti biyar, da ya gaya muku tsohuwar ba ta yarda ba. Da kun kawo rubutun kamar yadda kuka alkawarta, da an karanta shi gaban dangi tun tana da rai, da an kama ni tun a cikin gida. Sannan a farkon kowane kashi kun rubuta da manyan baƙaƙe cewa labarin gaskiya ne, ba ku faɗa ko sau ɗaya cewa kun canza wani abu ba. Wataƙila a birni sunan sarauniyar wasa suna ne kawai. A nan waɗannan matan suna da jikoki, jikokin suna haɗuwa a kasuwa da makaranta, suna ganin juna suna so.

Saboda haka ina roƙon abubuwa uku.

Na farko, ku nemo abin da kuka ɗauka a kwana ukun nan ku ba mu kwafinsa, musamman na rana ta uku. Baba Audu ya san muryar Gwaggo Kande, tare suka yi zaman makoki da biki shekara da shekaru, ya kuma ce in ya ji daga bakinta magana ta ƙare. In aikowa zai yi muku wuya, ku faɗi rana, zan zo da shi da fasto mu saurara a ofishinku.

Na biyu, ku sanar a daidai lokacin da kuke nuna wasan cewa Zigwai da Kuyet mata biyu ne, kuma Kuyet ce uwar magajin sarki. Mutanen Kagoma ma suna da haƙƙi a nan, 'yarsu aka shafe. Na ji ana cewa za ku maimaita wasan da Kirsimeti. In haka ne, ku sa wannan bayani a gaba, ku cire sunana daga baya.

Na uku, kada wani ya ji tausayina ya yanke wurin da muryata ta fito. Ku bar shi yadda yake, ita tana cewa a'a, ni ina cewa ta yarda. Dattawa suna jin yaren, suna jin Hausa, su ji duka biyun a jere. Ba ni da wata shaida da ta fi wannan.

Rahila ba ta taɓa ɗaga mini murya a kan maganar nan ba. Kullum da safe takan gaishe ni ta wuce aiki, ta daina dai zama mu yi hira. Kafin jiya, ita a saninta ku kaɗai kuka yi kuskure, har tana ba ni haƙuri wai an ɓata mini suna. Jiya bayan ta dawo daga aiki na zaunar da ita na karanta mata abin da na rubuta a wannan wasiƙa tun daga farko, don kada ta ji batu na biyar a bakin mutane. Ta saurara har ƙarshe. Da ta buɗe baki ba ta tambaye ni dalilin da ya sa na yi ba. Cewa ta yi, Baba, kana ganin ba su goge muryar Gwaggo Kande ba? Amsar tana ɗakin ajiyarku.

Allah ya ƙara maka lafiya da hikimar riƙon wannan aiki, ya tsare ma'aikatanka a hanyoyin da suke bi, ya albarkaci 'ya'yanka, ya kuma sa kada ka taɓa zama gaban ɗayansu kamar yadda na zauna jiya.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Malam Ishaya,
tsohon hedimasta, Kafanchan.