Man Giyar Motata

Juma'a, 13 ga Satumba, 2024

Motar ta yi mini gardama yau a hanyar Ƙofa. Na taka totur, inji ya yi kuka, ita kuwa sai da ta yi tunani kafin ta shiga giya ta gaba. Sannan ta yi wata 'yar zabura, kamar jakin da aka tsikara. Na dai isa.

Ɗanjuma yana nan yadda na bar shi makon jiya, a zaure, ido ba ya gani, baki bai mutu ba. Tun daga ƙarar tayar ya gane ni. "Hedimasta, kai da jakarka wa ya fi wani tari?" A cikin waɗanda muka shiga makarantar horon malamai tare, mu biyu muka rage. Idan ban je ba, babu mai kiransa da sunan makaranta. Ni ma haka.

Asabar, 14 ga Satumba

Shamsiyya ta kira daga Tudun Wada, tana hutun rabin rana a asibitinsu. Bakina ya kufce na faɗa mata gardamar motar. Sai ta ce, "Baba, ranar da motar nan ta tsaya da kai a daji, zan karɓi makullin. Ka dawo wajena." 'Yata ce, amma muryar uwarta ce sak.

Ba ta san abin da makullin nan yake ba. Gwiwar hagu ta daina taka kuloci tun da daɗewa, babur kuma jiri yake sa ni. Wannan mai canja giya da kanta ita ce ƙafata.

Litinin, 16 ga Satumba

Na kai wa Ghali, makanikin bayan tasha. Na ce masa kullum da safe ina duba mai kafin in tayar, kamar yadda aka koya mana a zamanin Fijo. Ya ce wannan na inji ne, na giya dabam yake, can ƙasa, kuma sai mota ta yi zafi tana kunne ake duba shi. Ya zaro wata doguwar sanda da ban taɓa lura da ita ba, ya goga a farin tsumma. Launin ruwan shayin da ya kwana. Ya shinshina, ya miƙo mini na shinshina.

"Yaushe aka canja, Baba Malam?"

Na ce tun da ta zo daga Kwatano ban san an taɓa ba.

Sai ya gaya mini abin da har yanzu nake juyawa a raina. Wai tsakanin inji da taya a irin wannan mota, man ne yake ɗaukar ƙarfin. Kamar fanka biyu suna kallon juna, ɗaya tana juyawa, iskarta tana juya ɗayar, sai dai a nan mai ne a madadin iska. Na ce, ruwa-ruwan nan ne yake hawa da ni gangaren Tiga? Ya ce shi ne.

Allahu Akbar. Shekaru ina koyar da yara cewa ruwa ba shi da siffa sai ta mazubinsa. Ashe abin da ba shi da siffa ne yake ɗauke da ni.

Talata, 17 ga Satumba

Ruwan sama tun hantsi. Ban fita ba, ban yi magana da kowa ba sai akuya.

Laraba, 18 ga Satumba

Na koma gareji, na tarar da direbobi a kan benci, kowa da fatawarsa. Wani mai jan hula ya rantse kada in taɓa. Wai idan mai ya tsufa haka, dattin da ke cikinsa shi ne yake riƙe da giyar. Fayafayan ciki sun cinye, garinsu yana yawo a man, shi yake sa su kama juna. Ka zuba sabo mai santsi, mota ta zauna. Ya ce a gabansa aka yi wa wata a Kiru, ta shigo da ƙafarta, aka fitar da ita da igiya. Wani kuma ya ce ƙarya ne, wadda ta mutu dama ta mutu, sabon mai tona asiri kawai ya yi.

Na tambayi Ghali nasa ra'ayin. Ya ce, "Ni ban ji ƙauri a naka ba. Da ya yi baƙi ƙirin yana warin ƙuna, da na ce ka lallaɓa ta haka har inda Allah ya nufa. Wannan yana tsakani. In an bar shi, wata rana za ta tsaya. In an canja, ina kyautata zato, amma ba zan rantse maka ba."

Ko ta ina, makullin ne zan iya rasawa.

Abin da ya tsaya mini shi ne maganar mai jan hula. A ce abin da ya goge daga jikinka shi ne kuma yake riƙe da kai. Na daɗe zaune a mota kafin in tayar.

Juma'a, 20 ga Satumba

Ƙofa. Ta yi zaburar sau da yawa, na yi ta salati har na isa.

Na ba Ɗanjuma labari duka. Ya yi dariya har da tari. "To ni kada a canja mini nawa, dattin ne ya rage." Can kuma ya ce, "Ba tsoron giya kake ba, Hedimasta. Faɗi gaskiya."

Na ce masa shayinsa ya yi sanyi.

Lahadi, 22 ga Satumba

A nan dai zan iya rubutawa. Saboda matata Safara'u aka sayi motar, lokacin da jinyarta ta yi tsanani, muna zaryar Kano. Tana gaba, ta kwantar da kujera, tana ce mini in rage gudu alhali keke yana wuce mu. An canja tayoyi tun bayan rasuwarta, an canja batir, man inji ba adadi. Ashe akwai abu ɗaya a can ciki da ba a taɓa ba. Man da ya kai ta, shi ya dawo da ni ni kaɗai, kuma shi ne yake kai ni Ƙofa har yau.

Na san mai ne kawai. Na sani.

Talata, 24 ga Satumba

Shamsiyya ta ce mijinta ya ce a kai Kano, akwai injin da yake wanke giya tas, ya fitar da tsohon duka. Na ce a'a da ƙarfin da ya ba ni kunya. Na kira Ghali. Shi ma bai son wankin injin ga tsohuwar giya. Ya ce akwai hanya ta uku: a kwance ƙasa, abin da ya zubo da kansa ya zubo, wajen rabi ko ƙasa da haka, a cika da sabo. Sauran yana can ciki inda ba ya fitowa. Su gauraya. In ta karɓa, bayan an ɗan yi tafiya a sake.

Na ce, wato ba duka zai tafi ba? Ya ce ko an so ba zai tafi duka ba.

Na ce Alhamis.

Alhamis, 26 ga Satumba

An yi. Na ƙi zama a benci, na sa aka ajiye mini kujera a bakin ramin. Man ya zubo siriri, shiru, ba kamar yadda na zata ba. Ghali ya sauke kwanon ƙasan, ya nuna mini wani ɗan maganaɗisu a ciki, ya yi gashi da garin ƙarfe mai laushi kamar kwalli. Wani mutum a wata ƙasa, wanda ba zai taɓa jin sunan Bebeji ba, ya san ƙarfe zai ci kansa, ya ajiye abin da zai tsince garin. Na shafa a yatsa. Tafiye-tafiyenmu ke nan, har da na Kano.

Sabon kuwa ja ne garau, kamar zoɓon da aka tace. Ban san haka nawa yake ba a farkonsa.

Ya ce in ja. Na sa giya a D. Ta yi jim. Sai ta ɗauka, a hankali, muka zaga bayan kasuwa muka dawo.

Na ce a zuba mini tsohon a galan. Ghali bai tambaye ni dalili ba, Allah ya yi masa albarka.

Juma'a, 27 ga Satumba

Ƙofa lafiya. Zabura ɗaya, ƙarama. Ɗanjuma ya ce bai gane ƙarar ba, ya zaci baƙo ne, har ya gyara hula.

Laraba, 2 ga Oktoba

Galan yana bayan ƙofa. Nakan kalle shi.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Shamsiyya ta zo jiya ta kwana. Da safe ta ga gara ta fara cin ƙyauren ɗakin uwarta, wanda ban buɗe ba tun bara. Ta ce a samo baƙin mai a shafa, kamar yadda ake yi wa azara. Na ce akwai. Ita ta riƙe galan, ni na shafa da tsumma, har ƙasa inda gwiwa ta bari. Itacen ya shanye shi nan da nan. Mun bar ɗakin a buɗe ya sha iska.

Ta raka ni Ƙofa. Ta buɗe gaba ta zauna ba tare da ta tambaya ba, ni kuma na tayar. Ɗanjuma ya tsokane ta har ta yi hawaye don dariya.

A dawowa rana tana dukan idona, na tsaya a gefen gonar dawa na ce ta ja, don ta ji yadda giyar take shiga yanzu. Don wannan ne kawai. Na koma kujerar Safara'u, tana nan a ɗan kwance yadda aka bar ta, ban gyara ba. Ban san dawa ta yi tsayi haka bana ba, mai tuƙi ba ya gani.

Makullin yana aljihuna. Na biyun ne ta tafi da shi, na ce ta ajiye saboda ɓacin rana. Ghali ya ce bayan an girbe dawa a sake rage wani. Na ce to.