Kunnen da Na Riƙa Murɗewa

Anti, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana ba tare da ya yi mini kallon muguwa ba.

Ni tela ce, ina ɗinki a ɗakin da ke bakin ƙofar gidanmu. Ina da 'ya'ya uku, autar shekarunta biyar. Tun da ta yi wata doguwar mura a bara ta canza. Sai in kira ta sau uku daga kan keke, tana zaune tana wasa da ƙyallaye, ko waiwayowa ba ta yi. In na aike ta ta ɗauko almakashi, ta kawo mini zare. Na ce raini ne. Yayyenta suka sa mata suna Shugabar Kunnen Ƙashi, har da ni a masu dariya. Kuma Anti, ni haka na taso, yaron da bai ji ba kunnensa ake murɗewa. Na murɗe nata ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. In ta yi kuka tana dafe da shi, in ce ta yi mini shiru, ga kayan mutane a gabana.

Makon jiya malamarsu ta ce in kai ta asibiti, wai bakinta kawai yarinyar ke kallo a aji. Likita ya ce ciwon kunne ta yi, ruwa ya taru a bayan dodon kunnenta, duka biyun, magana tana zuwa mata kamar daga wani ɗaki. Amma ba wannan ne ya kashe mini jiki ba. Da ya miƙa hannu zai duba ta, sai ta rufe kunnuwanta, ta dube ni, ta ce wallahi ba ta yi laifi ba.

Tun ranar ban taka keke ba. Likita ya ce a jira wata uku, in ruwan bai janye ba a sa mata ɗan siririn bututu. Ni so nake a yi yanzu. Babansu ya ce ba mai taɓa masa kunnen 'ya, shi dai mai zai ɗiga mata a kunnen a gida. Shin ni na jawo mata? Kuma za ta daina tsorona kuwa?

Uwar Auta

Uwar Auta, share hawayenki mu yi magana. Murɗe kunne ba ya tara ruwa a can ciki. Mura ce ke toshe hanyar da ke tsakanin hanci da kunne, kuma hakan yana yawan faruwa ga yara. Ciwon ba laifinki ba ne. Murɗewar kuwa taki ce, ba zan ɓoye miki ba, kuma a bar ta daga yau, har ga yayyenta.

Ke da maigidanki kowa ƙauna ce ke tura shi, amma kowa ya ɗan kauce. Ke nadama ce ke sa ki gaggawa, alhali sau da yawa ruwan yakan janye da kansa, shi ya sa likita ya ce a jira. Shi kuma tsoro ne, sai dai man da zai ɗiga ba zai kai inda ruwan yake ba, yana ma iya ƙara matsala. Ku koma tare ranar da aka ba ku, ya yi tambayoyinsa da bakinsa. In kin ga zazzaɓi, ko ruwa na fita, ko kumburi a bayan kunne, kada ki jira ranar.

Kafin nan, a soke wancan suna a gidan. Ki roƙi malama ta dawo da ita layin gaba. Ki koma kan kekenki, amma in za ki kira ta, ki tsayar da shi ki je gabanta.

Tsoron kuma, ke za ki cire shi. Ki durƙusa daidai tsayinta, hannuwanki a kan cinyarki, ki ce mata ba ta yi laifi ba, ke ce ba ki gane ba. Ki faɗa a hankali, tana kallon bakinki, don wannan kam bai kamata ta rasa ko kalma ɗaya ba.

Allah ya ba auta lafiya, ya sanyaya zuciyarki.